Agogon Injiniya Ba Na Gaisuwa Ba Ne

Duk wanda ya zauna a layinsu na Gyaɗi-Gyaɗi ya san Injiniya Timothy Shekari da abu biyu, taurin kai da agoguna. Mutumin Kagoro ne, ya zo Kano yana saurayi ya kama aiki a wata masaƙa da ke Bompai. A Kano ya yi aure, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya yi ritaya. Masaƙar ce ta fara tura shi Jamus koyon gyaran injin saƙa, lokacin naira na da ƙarfinta. Ya dawo da sana'ar da aka aike shi koyo, ya kuma dawo da wani ciwo da ba wanda ya aike shi ɗaukowa.

Ciwon agogo ne. Ba irin mai batir da ake zubawa a faranti a kasuwar Sabon Gari ba. Nasa na Jamus ne, waɗanda ake wanawa da yatsa, cikinsu cike da ƙananan tayoyi masu haƙora da sifirin siriri kamar gashi. Na farko a garin Pforzheim ya same shi, a shagon tsofaffin kaya, bayan ya gaji da wucewa ta gaban shagon yana kallonsa ta gilashi. Daga nan duk tafiyar da aka tura shi sai ya dawo da ɗaya. Wani lokaci kuma ya ba da biyu ya karɓi ɗaya a hannun wani ɗan Labanan mai sayar da yadi, wanda shi ma ciwon ya kama. Wanda ya fi ƙauna shi ne na garin Glashütte, da ya samo a tafiyarsa ta ƙarshe, bayan an haɗe Jamus ta gabas da ta yamma. Fuskarsa fara ce kamar madara, da ɗan wata a ciki mai girma da raguwa tare da na sama. Bayansa gilashi ne, in ka juya shi za ka ga cikinsa na numfashi.

Kowace safiya bayan shayi sai ya fito da akwatinsu baranda, ya zauna ya wana su ɗaya bayan ɗaya, yana kara kowanne a kunne. Matarsa Jummai, tsohuwar malamar firamare, takan wuce da tsintsiya ta ce, "Baban Deborah, da kaji ne kake wa wannan hidima, da mun huta da sayen ƙwai."

Amininsa a layin shi ne Malam Isyaku mai kantin kayan masarufi. A bencin kantin suke zama kullum da yamma. In azumi ya matso, Malam Isyaku kan kama hannunsa ya leƙa ya ce, "To Injiniya, agogon ya ga wata, ko sai jibi?" Shi kuma ya ce, "Ku jira sanarwa, Malam, nawa bai da hurumi."

Matsalar layin kwata ce. Ba a taɓa gina ta ba, rami ne kawai da ƙasa da leda suka cike. Duk damina ruwan da ya gangaro daga titin gidan Zoo sai ya shigo layin ya kwanta, ya shiga zaure, ya jiƙa gindin katanga. Zamanin soja ba wanda ya san ƙofar da zai buga. A shekarar 1999 sojoji suka miƙa mulki, aka yi ta buɗe rediyo ana jin rantsuwa, mutane suka ce yanzu kam an samu masu jin kuka. Ba a daɗe ba aka ji an kafa wani kwamiti na gyaran magudanan ruwa, aka ɗora Alhaji Lawan a kansa. Wannan Lawan ɗin a layin ya tashi, kafin ya samu kwangila ya gina katafaren gida a Tarauni ya shiga siyasa.

Wata yamma Malam Isyaku ya bar kantin, ya zo har gida, abin da bai saba yi ba. Ya zauna a baranda, ya sha ruwa, ya yi ta gyara hula.

"Injiniya, dattawan layi ne suka aiko ni."

"To, Allah ya sa lafiya."

"Lafiya lau. Ka san za mu je gaida Alhaji Lawan ranar Asabar, kan maganar kwata. To kowace unguwa ta kai nata. An ce mutanen Unguwa Uku sa suka kai, wasu suka kai turamen shadda. Mu ba mu da wannan ƙarfin. Sai ga shi an zo mana da magana cewa Alhajin da kansa ya tambaya, wai ko Injiniya na nan da agogon nan nasa mai wata."

Injiniya ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Ya tambaya, ko ya aiko?"

"Kai ma ka san yadda manya ke magana."

"Malam, ni da kai muka tsaya a layi cikin rana muka jefa ƙuri'a. Ka tuna abin da ka ce mini? Ka ce daga yau mu ne iyayen gida. To iyayen gida ne za su kai wa yaronsu gaisuwa don ya share tsakar gida?"

"Wannan maganar rediyo ce. Ni maganar ruwa nake yi maka. Katangar Talatu ka gan ta? Bana ba za ta kai kaka ba."

Talatu bazawara ce mai sayar da tuwo a ƙarshen layin, gidanta na ƙasa ne, kuma a nan ruwan ya fi taruwa.

"Na gan ta. Shi ya sa zan je ranar Asabar in faɗa masa da bakina. Amma agogona ba na gaisuwa ba ne."

"Kana da su cike da akwati, Injiniya. Ɗaya ne fa."

"Ko da buhu nake da su."

Malam Isyaku ya miƙe, ya karkaɗe riga. Ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo. "To alfarma ɗaya. In ba za ka kawo shi a kwali ba, ka bar shi a gida. Kada ka ɗaura shi ka je."

Jummai tana kicin ta ji komai. Ta ajiye masa abinci, ta jawo kujera ta zauna a gabansa.

"Baban Deborah, mu fa baƙi ne a nan."

"Baƙi? Ɗanmu na fari a ƙasar nan muka binne shi. Wane irin baƙo ne wannan?"

"Ni na san haka, kai ka san haka. Amma ran da rai ya ɓaci, ba wanda zai tuna. Za a ce mutumin Kagoro ya hana unguwa kwata saboda agogo. Ka ba shi mana. Ai ba yau ka fara ba."

Ta faɗi maganar ta kuma yi da-na-sani, don ta ga yadda fuskarsa ta canja. Shekarun baya, a wata liyafa ta masaƙa, wani hafsan soja ya riƙe hannunsa ya yaba agogon da ke ciki, ya ƙi sakin hannun. Manajoji suna kallo, kowa na murmushi. Injiniya da kansa ya kwance maɗaurin ya miƙa, har ya ce ya gode. Agogon Pforzheim ɗin ne, na farkonsa. Ya dawo gida ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

"Wancan yana da bindiga," ya ce a hankali. "Da na ƙi, da a bayan mota za a kawo miki ni, ko ma kada a kawo. Wannan me yake da shi? Ƙuri'ata. In na ba wannan ma, to ba abin da ya canja ke nan sai kaki da aka cire aka sa babbar riga. Ni kuma ina so in sani ko ya canja."

"A kanmu za ka gwada?"

"A kan agogona zan gwada."

Ranar Asabar ya sa farin kaftani mai gajeren hannu, wanda ba ya rufe komai, ya ɗaura agogon mai wata. Da Malam Isyaku ya hango shi a bakin titi inda dattawan ke jiran mota, sai ya kawar da kai ya ce, "Innalillahi."

Gidan Alhaji Lawan a Tarauni cike yake. 'Yan acaɓa sun jeru a waje, 'yan siyasa na shiga da fita, an ɗaure raguna a gindin bishiya. Sun jima a zaune kafin a shigar da su falo. Alhajin na kan wata doguwar kujera, ya ƙara ƙiba, wayar tebur a gefensa. Ya karɓe su da fara'a, ya kira kowa da sunansa, ya tambayi iyali. Dattawan suka zauna a kan kafet. Injiniya ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ya zauna a kujera.

Wani dattijo ya fara jawabin taya murna, ya yi addu'a, ya gangaro a hankali zuwa maganar kwata. Alhaji Lawan na gyaɗa kai, amma idonsa na kan hannun Injiniya. Dattijon bai ƙarasa ba ya katse shi.

"Baba Injiniya, ashe yana nan! Shi ne mai watan? Wallahi tun da aka ba ni labarinsa nake so in gan shi. Na shiga shaguna a Dubai, na shiga a Landan, ban ga irinsa ba. Kai, wannan abu ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai."

 Kowa a ɗakin ya san abin da ake faɗa in babba ya yaba abin hannunka har sau biyu. Malam Isyaku ya sunkuyar da kai yana kallon kafet.

"Na gode, Alhaji," Injiniya ya ce. "Ni ma ina son sa sosai."

Wani daga cikin mutanen gidan ya yi tari. Alhaji Lawan ya yi dariya, ya miƙo hannu.

"Kawo in gani mana."

Injiniya ya tashi, ya taka har gabansa, ya miƙa masa hannunsa da agogon a ɗaure. "Ga shi. Ka ga ɗan watan nan? Yau saura kaɗan ya cika. Ba batir a ciki, ni nake wana shi da safe. Ran da na manta, ya tsaya."

Alhajin ya dubi agogon, ya dubi tsohon. Ya riƙe hannun na ɗan lokaci, yatsansa na kan maɗaurin. Injiniya bai janye ba, bai kuma taimaka masa ba. Can Alhajin ya saki.

"To sayar mini. Faɗi abin da kake so."

"Ba na sayarwa ba ne. Alhaji, kwata ce ta kawo mu. Ka san layin, ka yi wasa a ruwan nan kana yaro. Gidan Talatu na gab da faɗuwa. Ba sai mun yi maka dogon bayani ba, ka zo da ƙafarka ka gani, ba nisa."

"Baba Injiniya," Alhajin ya jingina da kujera, murmushin na nan amma muryar ta sauya, "shekararka nawa a Kano?"

"Na riga ka zuwa, Alhaji."

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji Lawan ya ce kwamiti zai duba, unguwanni suna da yawa, komai bi da bi ne. Ya ɗauki waya. Aka raka su waje.

A mota ba wanda ya yi masa magana. Da suka sauka, dattijon da ya yi jawabi ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Allah ya saka maka, Injiniya. Ka gama da mu."

Daga ranar layin ya yi masa sanyi. Ana amsa gaisuwarsa, amma a taƙaice. Da yamma in ya nufi kanti sai ya tarar an shigar da bencin ciki, Malam Isyaku na can ƙurya yana jera gwangwanin madara da ba ya bukatar jerawa. Ya je sau biyu ya daina. Matan layin suka rage shigowa wurin Jummai ɗiban ruwan famfo. Ita kuwa ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta daina yi masa ba'ar kaji, wannan kuma ya fi damunsa. Aka ga tifa na sauke yashi a wasu unguwanni. Layinsu shiru.

Ya ci gaba da fitowa baranda da akwatinsa kowace safiya. Da can yakan juya wa titi baya. Yanzu ya juya kujerar tana fuskantar ƙofa, ya bar ƙofar a buɗe, duk mai wucewa ya gani.

Cikin watan Agusta aka yi ruwan da ake tsoro. Tun hantsi aka fara, ba a ɗauke ba sai bayan la'asar. Ruwa ya shiga kowane zaure. Gidan Injiniya na bulo ne, ya sha har gwiwa amma ya tsaya. Na Talatu bai tsaya ba. Katangar baya ta zube, ta tafi da ɗaki guda da rumfar da take tuwo. Allah ya sa ita da 'ya'yanta mata biyu suna waje suna kwasar kaya.

Yana tsakar gida yana kwarfe ruwa da bokiti sai ga Talatu ta shigo ba sallama, zaninta jiƙe, laka har ƙwauri. Mutane sun biyo ta sun tsaya a ƙofa.

"Baba Injiniya, na zo in ga agogon."

Ya miƙe tsaye, bokitin a hannu.

"Nuna mini shi. Ina so in ga abin da ya fi gidana."

  Ya san duk jawabin da ya yi wa Malam Isyaku da Jummai, in ya maimaita shi a gaban matar nan, ba zai zama komai ba sai rashin kunya. Jummai ce ta fito ta kama hannunta ta ja ta ciki. Kafin magariba an share ɗakin da 'yarsu Deborah ta bari da ta yi aure, an kwaso abin da ya rage na kayan Talatu. Ta shiga ɗakin don ba ta da inda za ta, amma ba ta gaishe shi ba.

Washegari bai fito da akwati ba. Ya wana guda ɗaya kawai, ya ɗaura, ya ɗauki kujerar roba da lema. Jummai ta tare shi a ƙofa.

"Kai wa Alhajin za ka yi?"

"A'a."

"To ina za ka da kujera?"

"Wurinsa."

Ya hau acaɓa, kujerar a kansa, har Tarauni. Bai nemi shiga ba. Ya kafa kujerar a gefen titi, daidai inda duk mai shiga gidan sai ya wuce ta gabansa, ya zauna. Wanda duk ya gaishe shi, sai ya amsa ya ƙara da cewa, "Daga Gyaɗi-Gyaɗi nake. Jiya ruwa ya rushe gidan wata bazawara a layinmu. Mun zo neman kwata an ce sai da agogo. Ga agogon, ga ni, ina jiran kwata." Ba ya ɗaga murya. Haka ya faɗa wa 'yan kwangila, ya faɗa wa masu neman aiki, ya faɗa wa wata tawaga da ta zo da rago.

Maigadi ya zo ya ce ya tashi. Ya ce titin gwamnati ne. Da rana ta take aka kawo ɗan sanda, wani saje mai furfura a gemu. Injiniya ya san abin da irin wannan zama ke jawowa a bara ma. Ya riƙe hannun kujerar gam.

"Baba, an ce kana tada hankali."

"Ka ga hankalin wa ya tashi? Zama nake. In laifi ne, faɗa mini sunan laifin, in bi ka da ƙafata."

Sajen ya tsaya yana kallonsa. Ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya dubi gidan. Ya sosa ƙeya.

"Da bara ne, Baba, da ba mu yi wannan hirar ba."

"Na sani. Shi ya sa ban zo bara ba."

Sajen ya ce kada dai ya tare hanya, ya matsar masa da kujerar taku kaɗan, ya tafi abinsa. Sai a lokacin Injiniya ya saki hannun kujerar. Ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa wanda ya daɗe a wurin.

Motar Alhaji Lawan ta fito da yamma, gilashi a rufe, ba ta tsaya ba. Injiniya ya koma gida, ya dawo da safe. Ya sake dawowa. Rana ta ƙona masa wuya, ruwa ya dake shi sau ɗaya, tari ya kama shi. Jummai ta yi faɗa, ta yi kuka, daga baya ta fara cika masa filas da shayi mai citta.

Wata safiya yana ɗaura kujera a acaɓa sai ga Talatu ta fito da tabarma da babbar tukunyar tuwonta, wadda katanga ta lotsa.

"Ba don kai zan je ba," ta ce. "Har yanzu ban yafe maka ba. Amma kai labari kake ba su. Ni ce mai gidan."

Ta shimfiɗa tabarma kusa da kujerarsa, ta kife tukunyar a gabanta. Ita ba ta iya magana a hankali ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ji sunan layin da sunan mijinta marigayi da yadda katangar ta faɗi, in kuma ya yi kamar bai ji ba ta buga tukunyar da muciya. Masu kawo gaisuwa suka fara jin nauyin shiga da kaya a gabanta. Wasu suka riƙa ajiye mota a nesa.

Bayan sallar Juma'a sai ga Malam Isyaku ya sauko daga acaɓa, shi da dattijon nan mai jawabi. Bai yi wa Injiniya magana ba. Ya gaida Talatu, ya tsaya yana kallon ƙofar gidan, hannu a baya. Can ya ce, kamar da iska yake, "Mutum ya zo zaman dirshan da kujera ɗaya, kamar ba shi da maƙwabta." Ya tsallaka zuwa shagon da ke kallon gidan ya aro benci.

A makon da ya biyo baya wani daga cikin mutanen Alhajin ya fito ya ce musu su koma gida, an sa layinsu a aiki. Injiniya ya ce za su koma in sun ga yashi. Da yashin ya sauka, suka naɗe tabarma.

An yi aikin, ba laifi. Aka haƙa, aka jera bulo, aka yi filasta, tun daga bakin titi. Leburori suka zo daidai katangar Injiniya sai suka tsallake, suka ci gaba daga gidan da ke gaba har ƙarshen layi, har ƙofar Talatu. Ya fito ya tambayi shugaban leburorin. Mutumin ya kasa haɗa ido da shi, ya ce haka aka ba shi umarni, shi ɗan aike ne.

Saboda haka kwata ta zo daga hagu ta tsaya, ta tashi daga dama ta wuce, a tsakiya kuma, faɗin gidan Injiniya, rami ne na ƙasa. Ruwa na wucewa, layin ya huta, amma duk ruwan da aka yi sai ƙofarsa ta zama taɓo.

Dattawan suka zo da yamma. Malam Isyaku ne ya yi magana, ya ce abin ya yi musu ciwo, sun shirya matasa za su zo ranar Asabar da siminti su haɗe wurin.

"Ku bar shi," Injiniya ya ce.

"Kamar yaya mu bar shi?"

"Ku kai simintin gidan Talatu, katanga take bukata. Wannan aikin kwamiti ne, kwamiti ne zai ƙarasa shi. In bai ƙarasa ba, duk wanda ya shigo layin nan ya tambaya me ya sa, ku faɗa masa. Za su dawo neman ƙuri'a ai. Ta nan za su bi."

"Kai dai ba ka gajiya," Malam Isyaku ya ce. Ya girgiza kai, amma yana dariya. "Mutum ya tsufa bai san sauƙi ba."

Aka yi yadda ya ce. Matasa suka tayar wa Talatu katanga, ta koma gidanta kafin kaka. Ran da za ta tafi ta aiko wa Jummai da malmalar tuwo da miyar kuka, ta ce a ba Baba nasa, amma a faɗa masa maganarsu na nan.

Shi kuwa ya samo katako mai kauri ya gitta a kan ramin. Ranar Lahadi da safe, an kwana ana yayyafi, suka fito za su coci. Jummai ta tsaya a bakin katakon da takalminta mai tsini da sabon leshi, ta dubi taɓon, ta dube shi.

"Dubi abin da ka jawo mana, Baban Deborah. Layi duka na tafiya a kan siminti, ni ina tsallaken katako kamar akuya."

Ya riga ta hayewa, ya juyo ya miƙo mata hannu. Ta tattare zani, ta kama shi, ta tako a hankali tana mita har ta sauka. Ba ta saki hannun ba sai da suka kai bakin titi.